Alayyafon Bakin Teku: Tsiron Da Ke Rayuwa Tsakanin Gishiri Da Rairayi

Alayyafon bakin teku, wanda masana ilimin tsirrai ke kira Amaranthus pumilus, wani ƙaramin tsiro ne mai rayuwar shekara guda da ke fitowa a kan rairayin gaɓar Tekun Atlantika a gabashin ƙasar Amurka. Ɗan'uwa ne na kusa ga alayyafon da ake miya da shi a gidajenmu, sai dai shi mazauninsa wuri ne da yawancin tsirrai ba sa iya kwana biyu a cikinsa: rairayi mai zafi, iska mai ɗauke da gishiri, da ƙasar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Babu inda yake fitowa don kansa a duniya sai wannan gaɓa. Tun daga shekarar 1993 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya sa masana ke yawan nazarinsa shi ne irin dabarar rayuwarsa. Tsiro ne da ya dogara ga motsin gaɓa. Guguwa da igiyar ruwa sukan kashe shi, amma kuma su ne ke share masa sabon fili, su kai irinsa can. Duk inda mutane suka ɗaure gaɓar teku da bango ko duwatsu don kada ta motsa, alayyafon bakin teku yakan rasa wurin zama.

Suna da dangi

Wanda ya fara bayyana wannan tsiro a rubuce shi ne Constantine Samuel Rafinesque, masanin halittu da aka haifa a kusa da birnin Istanbul a 1783, ya kuma rasu a Philadelphia a 1840. A shekarar 1808 ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi har yau. Kalmar farko ta sunan ta samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarta abin da ba ya yaushi, saboda furannin wasu daga cikin dangin sukan daɗe ba su koɗe ba ko da an cire su. Kalma ta biyu ta Latin ce, ma'anarta wada, wato gajere, domin tsiron ba ya tashi sama kamar sauran 'yan'uwansa.

Jinsin Amaranthus ya ƙunshi nau'o'i kusan 70 da suka bazu a sassan duniya masu ɗumi. A cikinsu akwai alayyafon lambu da ake nomawa a fadamu, akwai rukuɓu da ke fitowa da kansa a bayan gida da gefen gona, akwai kuma waɗanda mutanen Meziko da na tsaunukan Kudancin Amurka suka daɗe suna nomawa don ƙwayarsu, suna cin ta kamar hatsi. Babban dangin da wannan jinsi ke ciki ya shahara da tsirrai masu jure gishiri da fari. A cikinsa ake samun gwozar da Turawa ke yin sukari da ita, da hatsin kinuwa na ƙasashen Peru da Bolibiya, da tsirrai da dama na fadamun gishiri da na hamada.

Siffarsa

Alayyafon bakin teku yana shimfiɗuwa ne a ƙasa. Karansa mai kauri ne, cike da ruwa, launinsa ja ko ja-ja mai haske. Wannan launi ya fito ne daga wani sinadarin rini da dangin gaba ɗaya ke da shi, wanda shi ne ke sa karan jan alayyafo ya yi ja. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, kusan zagayayyu, faɗinsu daga santimita 1.3 zuwa 2.5, kore shar masu ɗan sheƙi, kuma akwai ɗan tsagu a ƙarshen kowane ganye. Ganyayen sukan taru ne a ƙarshen rassa, abin da ke sa tsiron ya yi kama da tarin ƙananan dunƙule a kan rairayi.

Idan ya tsira, yakan fara da ɗan kara guda ɗaya mara reshe. Ba da jimawa ba sai ya shiga fitar da rassa ta kowane gefe. Matsakaicin tsiro yakan kai faɗin santimita 30, da rassa 5 zuwa 20. Inda ya samu wuri mai kyau da lokaci mai tsawo, yakan kai mita guda ko fiye, da rassa ɗari ko sama da haka.

Furanninsa ƙanana ne ƙwarai, ba su da kyan da zai ja hankali, suna fitowa a dunƙule a hammatar ganye. Kowane tsiro yana ɗauke da fure namiji da fure mace a jikinsa, kuma yana iya yi wa kansa barbara. Wannan hali yana da muhimmanci ga tsiron da sau da yawa yakan tsinci kansa shi kaɗai a kan rairayi, ba wani ɗan'uwa kusa: tsiro ɗaya tal ya isa ya samar da irin da zai kafa sabon zuri'a.

Kowace ƙwayar iri tana cikin wani ɗan kwanso mai laushi, tsawonsa milimita 4 zuwa 6, wanda ba ya fashewa idan ya nuna. Ita kanta ƙwayar mai sheƙi ce, launinta ja mai duhu da ya kusa zama baƙi, girmanta kusan milimita 2.5. Wanda ya san irin alayyafon lambu, mai ƙanƙanta kamar yashi, zai gane cewa wannan babba ne ainun. Yana cikin mafi girman iri a jinsin baki ɗaya.

Inda yake fitowa

A gefen gabashin Amurka akwai jerin dogayen tsibirai na rairayi zalla da suka yi layi a gaban babban yanki, suna tare masa igiyar teku. Tsakaninsu da babban yankin akwai tafkuna da fadamun ruwan gishiri. Waɗannan tsibirai ba su da tushen dutse. Igiyar ruwa da iska ne suka tara su, su ne kuma ke ci gaba da sauya musu siffa: a ci wani gefe, a ƙara wa wani, a buɗe sabuwar mashiga, a toshe tsohuwa.

A kan irin waɗannan tsibirai alayyafon bakin teku ke zaune, a cikin wani siririn zirin ƙasa. Ta gefen teku, iyakarsa ita ce inda ruwa ke tsayawa idan teku ya cika. Ta gefen tudu kuwa, iyakarsa gindin tudun rairayi na farko, inda ciyayi masu daɗewa suka kafu. Yawanci ana samunsa ne a tsayin da bai gaza santimita 20 ba, bai kuma wuce mita ɗaya da rabi ba, sama da matsakaicin cikar teku. Wuraren da ya fi so su ne ƙarshen tsibiran da rairayi ke ƙaruwa, da filayen da ruwan guguwa ya haura ya share, ya bar sabon rairayi a shimfiɗe.

Dalilin wannan ƙunci biyu ne. Na farko, tsiron ba ya jure nutsewa a ruwan teku a lokacin da yake girma, ko da na ɗan lokaci ne. Na biyu, ba ya jure gasa da wasu tsirrai. Da zarar ciyayi masu daɗewa sun mamaye wuri, suka yi masa inuwa suka kuma raba ruwa da abinci da shi, sai ya ɓace daga wurin. Abokan zamansa kaɗan ne, su ma masu rayuwar shekara guda, irin su Cakile edentula, wani ɗan dangin kabeji da ke bin gaɓa. Ko su ma a warwatse suke, da fili tsakaninsu.

Yadda yake jure gishiri

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Gishiri yana cutar da tsiro ta hanya biyu. Da farko yana janye ruwa. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken albasa ko nama ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa. Haka yake yi wa saiwa: ƙasa tana jiƙe amma tsiron na fama da ƙishirwa. Na biyu, idan gishirin ya shiga jikin tsiro ya taru, yakan lalata ayyukan ƙwayoyin halittarsa, ya hana shi shan wasu sinadaran abinci, ganye ya ƙone daga baki. Tsirran da ke iya kammala rayuwarsu cikin gishiri mai yawa ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na tsirran duniya ba.

Masana sukan bambanta tsirran fadamar gishiri, waɗanda saiwarsu ke zaune cikin ruwan teku kullum, da tsirran rairayin gaɓa. Alayyafon bakin teku yana cikin rukuni na biyu. Gishirin da ya fi fama da shi yana zuwa ne ta iska, wato feshin da ke tashi idan igiya ta fashe, ya sauka a kan ganye ya bushe. Saiwarsa kuwa ta fi dogara ga ruwan sama. Rairayi yana tace ruwa da sauri, don haka ruwan sama kan wanke gishirin da ke saman ƙasa, kuma da yake ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, yakan zauna a samansa a ƙarƙashin tsibirin.

Siffar jikinsa ta dace da wannan yanayi. Kaurin ganye da kara yana ba shi damar adana ruwa, ruwan kuma yana tsinka gishirin da ya shiga. Ƙanƙantar ganye tana rage ruwan da ke fita. Kwanciyarsa a ƙasa tana kare shi daga ƙarfin iska da daga ƙwayoyin rairayin da ke kartar ganye. Ban da haka, tsirrai masu jure gishiri gaba ɗaya suna da dabarar tattara gishiri a wani aljihu na musamman a cikin ƙwayar halitta, nesa da sassan da ke aiki, sannan su samar da wasu sinadarai na kansu da ke riƙe ruwa.

Akwai kuma hanyar da yake haɗa abincinsa da hasken rana. Dukkan jinsin Amaranthus suna bin tsarin da masana ke kira C4, wanda dawa da gero da masara da rake ke bi. A wannan tsari tsiro yana tattara iskar da yake buƙata a cikin ganye, ta yadda ba sai ya bar ƙofofin numfashinsa a wangale ba. Sakamakon haka yana asarar ruwa kaɗan, yana kuma girma da sauri a cikin zafi da hasken rana mai ƙarfi. Abin da ke sa gero ya yi albarka inda shinkafa da alkama za su gaza, shi ne ke taimakon wannan tsiro a kan rairayin da ke ƙuna da tsakar rana.

Rairayin gaɓa ba shi da taki. Abincin tsiron yana fitowa ne daga tarkacen da teku ke turowa: ciyawar ruwa, karan fadama, ɓawon halittun ruwa da matattun kifaye. Tarkacen sukan jeru a layi a iyakar cikar teku, rairayi ya binne su, su ruɓe. Suna riƙe laima, suna kuma tare irin da iska ke gangarawa da shi. Shi ya sa ake yawan ganin alayyafon bakin teku a jikin tsohon layin tarkace.

Rayuwarsa daga tsira zuwa mutuwa

Irin yakan fara tsira daga watan Afrilu, ya ci gaba har zuwa Yuli. Sabuwar ƙwaya ba ta tsira nan take bayan ta nuna. Bincike ya nuna cewa sai ta shafe makonni cikin sanyi da laima kafin ta farka, sannan tana buƙatar zafi sosai kafin ta tsago. Wannan yana hana ta tsira a ƙarshen shekara, lokacin da sanyin hunturu zai kashe ta kafin ta yi iri.

Da zarar tsiron ya ɗan yi ƙarfi sai ya fara fure, wani lokaci tun a watan Yuni, amma galibi a Yuli. Iri yakan fara nuna a Yuli ko Agusta, ya fi yawa a Satumba. Tsiron ba ya daina fure da iri har ranar da ya mutu, don haka yawan irin da zai bari ya danganta ne ga tsawon kwanan da ya samu. Babban tsiro yana iya barin dubban ƙwayoyi, ƙarami kuwa 'yan kaɗan.

A nan ne hatsarin yake. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika yana farawa daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da irin ke nuna. Idan guguwa ta zo da wuri, takan halaka tsirran kafin su yi iri mai yawa. Idan ta makara, takan tarar da irin ya nuna, ta kwashe shi ta watsa a wurare masu nisa. Tsirran da suka tsira daga guguwa da ƙwari sukan kai ƙarshen kaka, sanyi ya ƙarasa su.

Yayin da yake raye, tsiron yana tare rairayin da iska ke kaɗawa. Rairayin yakan taru a jikinsa, shi kuma ya ci gaba da tasowa ta samansa, har a samu ɗan tudu. An ga manyan tsirrai da suka tara tudun da ya kai santimita 60. Irin waɗannan ƙananan tuddai ne ke zama mafarin manyan tuddan rairayi idan ciyayi masu daɗewa suka kama su. Ta haka tsiron ke shirya wurin da daga baya wasu za su kore shi daga ciki.

Tsiro mai gudun hijira

Masana suna kiran alayyafon bakin teku ɗan gudun hijira, domin ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Filin da ya cika da shi bana yana iya wayar gari babu ko ɗaya baɗi, ko don teku ya cinye filin, ko don ciyayi sun rufe shi. A daidai wannan lokaci yana iya ɓulla a wani wurin da aka shekara da shekaru ba a gan shi ba.

Abu biyu ne ke ba shi wannan dama. Na farko shi ne kwanson irin. Da yake ba ya fashewa kuma akwai iska a cikinsa, yana iya shawagi a kan ruwa, iska kuma tana iya gangara shi a kan rairayi. Na biyu shi ne irin da ke binne. Wasu ƙwayoyin sukan zauna cikin rairayi ba su tsira ba, har sai ranar da guguwa ta tono su ta dawo da su kusa da sama. Wani lokaci uwar tsiron takan mutu rairayi ya binne ta da irinta, sai a samu sabon tsiro a daidai wurin a shekara mai zuwa.

Ma'anar wannan ita ce rayuwar tsiron ba ta rataya ga fili ɗaya ba. Tana bukatar doguwar gaɓa da a kowace shekara ake samun sabbin filaye a wani sashe nata, kuma filayen su kasance kusa da juna yadda iri zai iya tsallakawa. Idan aka datse wannan sarƙa, wurin da tsiron ya ɓace ba ya samun mai sake cika shi.

Ɓacewa da dawowa

A da ana samun alayyafon bakin teku a jihohi tara na Amurka, daga Massachusetts a arewa zuwa Karolina ta Kudu. Sauran su ne Rhode Island, New York, New Jersey, Delaware, Maryland, Virginia da Karolina ta Arewa. Tun a ƙarni na 19 ya fara ɓacewa daga arewacin wannan yanki. A Delaware an daina ganinsa bayan 1875, a New Jersey kuwa bayan 1913.

A watan Satumba na 1989 mahaukaciyar guguwar Hugo ta afka wa gaɓar Karolina ta Kudu kusa da birnin Charleston. Ƙidayar da aka yi a 1990 ta nuna cewa tsirran jihar sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da 1988. A wannan shekara ta 1990 kuma sai ga shi ya ɓulla a tsibirin Long Island na jihar New York, bayan shekaru masu yawa ba a gan shi ba. Wasu masana suna ganin guguwar ce ta tura irin arewa, wasu kuma suna ganin tsohon iri ne da ke binne ya samu damar fitowa.

A watan Afrilu na 1993 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazana, a ƙarƙashin dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1973. A lokacin ya riga ya ɓace daga jihohi shida cikin tara. Wurare 55 kaɗai aka san yana fitowa: 34 a Karolina ta Arewa, 13 a New York, 8 a Karolina ta Kudu.

Bayan haka ya ci gaba da dawowa wasu tsoffin wurarensa. An gan shi a tsibirin Assateague na jihar Maryland a 1998, bayan kimanin shekara 30. A 2000 ya bayyana a New Jersey da Delaware, sannan a Virginia a 2001. Duk da haka yawansa bai daidaita ba. Yakan hau sosai a wasu shekaru, ya faɗi warwas a wasu, kuma a jihohin Karolina biyu, waɗanda a da su ne cibiyarsa, ya ragu matuƙa.

Barazanar da yake fuskanta

Babbar barazana ita ce gine-ginen tsare gaɓa. Yayin da garuruwa da gidajen hutu suka cika bakin teku, an gina bangaye, an jera manyan duwatsu, an kuma miƙa katangu cikin ruwa don tsare mashigun jiragen ruwa. Bango yana hana gaɓa ja da baya, don haka idan teku ya matso, zirin busasshen rairayin da tsiron ke zama a kai sai ya matse har ya ƙare. Katangar da aka miƙa cikin teku kuwa tana tare rairayin da ruwa ke tafiya da shi a gefen gaɓa, ta tara shi a gefe ɗaya, ta bar ɗaya gefen yana zaizayewa. Mazauna Legas sun san wannan: katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 su ne suka haddasa zaizayar gaɓar Bar Beach na tsawon shekaru.

Hatta matakan da ake ɗauka da tsirrai suna iya cutar da shi. Kafa shingen tare rairayi da dasa ciyawa mai yawa don gina dogon tudu yana hana ruwan guguwa haurawa, ke nan babu sabon fili. Wasu baƙin tsirrai da aka shigo da su daga Asiya sun ƙara dagula lamarin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Vitex rotundifolia, ɗan dangin ɗinya mai yaɗo, wanda aka dasa a gaɓar jihohin Karolina don riƙe rairayi, ya koma yana mamaye wurin tsirran asali.

Sai kuma zirga-zirgar jama'a. A wuraren shaƙatawa ana amfani da manyan injuna wajen share rairayi kowace safiya. Injunan suna kwashe tarkacen teku, su tumɓuke ƙananan tsirrai. Motocin da ake tuƙawa a kan rairayi suna murƙushe su, domin karan yana da saurin karyewa. Daga ɓangaren dabbobi, tsutsotsin wasu ƙwari masu saƙar yana a kan ganye sukan cinye tsiro kakaf, musamman a kudu. Barewa da zomaye suna cin sa, haka ma dawakin da suka koma daji a tsibirin Assateague. A kan dukkan waɗannan ga ƙaruwar tsayin ruwan teku sakamakon ɗumamar yanayi.

Matakan kariya

A 1996 hukumar ta fitar da shirin farfaɗo da tsiron. Shirin ya ce ba za a cire shi daga jerin ba sai ya kasance a jihohi aƙalla shida daga cikin tara na asali, kuma ya mamaye aƙalla kashi 75 cikin 100 na wuraren da suka dace da shi a kowace jiha har shekara goma a jere.

Mafi sauƙin mataki shi ne kewaye wurin da turaku da igiya a lokacin zafi, tare da hana motoci da injin shara shiga. A nan tsiron ya ci albarkacin maƙwabtansa. Wata ƙaramar tsuntsuwar gaɓa mai suna Charadrius melodus, wadda ita ma doka ke karewa, tana yin ƙwai a kan irin wannan fili, kuma a kudu kunkurun teku yana binne ƙwansa a can. Shingen da aka yi don tsuntsaye sau da yawa shi ne ke ceton alayyafon.

Ana kuma rainonsa a dasa. A Assateague, daga 'yan tsirran da aka samu a 1998 aka tara iri, aka yawaita shi a ɗakin rainon tsirrai, sannan aka dasa dubbai a tsibirin tsakanin 2000 da 2002. Ana kifa wa wasu kejin waya don kare su daga dawaki da barewa. Ma'aikata da 'yan sa-kai suna bin gaɓa da ƙafa a ƙarshen lokacin zafi suna ƙidaya tsirrai ɗaya bayan ɗaya.

Akwai muhawara kan aikin zuba sabon rairayi a gaɓar da ta zaizaye, wanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ke yawan gudanarwa. Faɗaɗa gaɓa yana samar da fili, kuma an ga tsiron ya bayyana a wasu wuraren bayan irin wannan aiki. Amma idan aka zuba rairayin a lokacin da tsirran ke girma, binne su ake yi, kuma filin da aka samar ta wannan hanya ba ya ɗorewa sai an riƙa maimaita aikin da kuɗi mai yawa.

Amfaninsa

Masana muhalli suna ɗaukar alayyafon bakin teku a matsayin ma'aunin lafiyar gaɓa. Inda yake fitowa shekara bayan shekara, alama ce cewa rairayi yana tafiya yadda ya saba, tarkacen teku suna nan, kuma tsuntsaye da sauran halittun gaɓa suna da wurin zama.

Ga masana aikin gona kuwa, darajarsa tana cikin dangantakarsa da alayyafon da ake nomawa. Dangin amfanin gona da ke daji su ne rumbun halayen da masu inganta iri ke nema. Girman ƙwayarsa ya ja hankalin masu son inganta alayyafon hatsi, wanda ƙanƙantar irinsa ke wahalar da shuka da girbi. Juriyarsa ga gishiri da zafi da ƙasa mara taki ita ma abin dubawa ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2021 cewa fiye da hekta miliyan 833 na ƙasar duniya gishiri ya shafe su, kuma matsalar ta fi yawa a yankuna masu ƙarancin ruwan sama da ake noman rani, inda ruwan ban-ruwa ke ƙafewa ya bar gishiri da kanwa a saman gona.

Ana iya adana irin tsiron a ma'ajiya, ana kuma yin hakan. Sai dai halayen da suka sa yake da daraja sun samu ne daga zamansa a kan gaɓa mai motsi, kuma a can ne kawai za su ci gaba da gyaruwa. Don haka makomarsa ta dogara ne ga shawarar da hukumomi da mazauna gaɓar gabashin Amurka za su yanke kan yawan wuraren da za a bar wa teku da iska su ci gaba da sarrafawa.